Teburin Mai Shayi a Malanbil: Inda Na Koyi Neman Gahawa da Harshen Suwahili

Duk wanda ya taɓa biyo hanyar Kwatano zuwa Yamai ya san Malanbil, ko bai kwana ba ya sha ƙurarta. In ka taso daga bakin teku ka wuce Bohikon, ka wuce Paraku inda layin dogo ya ƙare, ka wuce Kandi, to bayan tafiyar sama da kilomita 700 sai ka ji iska ta sauya, ƙasa ta koma rairayi, warin albasa da na busasshen kifi ya tarbe ka tun kafin ka ga kogi. Nan ne ƙarshen ƙasar Benin. Gaba kaɗan Kogin Kwara ne, da gada, hayin gadar kuma Gaya ce, ƙasar Nijar.

A takarda Malanville ake rubutawa, sunan wani gwamnan Faransa ne, Henri Malan, da ya mulki Dahome a zamanin Turawa. Tsofaffin Dandawa kuwa sun ce asalin sunan wurin Tasi, wato rairayi a harshensu. Ni mutumin Ƙonni ne. Na sauka garin nan a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, ina saurayi mai bin motar albasar Galmi. Na zo da niyyar kasuwa uku, yau ga shi na yi aure a nan, na aurar a nan, na binne mahaifiyata a nan.

Ana cewa in ka cire Dantokpa ta Kwatano, babu kasuwar da ta kai tamu a faɗin Benin. A ranakun kasuwa ba ka samun wurin aje ƙafa. Masara da doya da garin rogo suna haurowa daga kudu, albasa da wake da tattasai suna gangarowa daga Nijar, mutanen Kamba da Lolo da Illo suna shigowa daga Najeriya da nasu kayan, ga shinkafar fadamar garin kanta. Ni daga baya na bar albasa rabi da rabi, na kama rumfar kayan ƙamshi: citta, kanumfari, masoro, kimba, kirfa.

Abin da baƙo ya fi mamaki a nan shi ne harsuna. Yaron da ke tura baro zai gaishe ka da Dandanci, ya yi ciniki da Hausa, ya yi wa jandarma bayani da Faransanci, ya tsokani mai doya da Barbanci ko Fon, kuma bai taɓa zama a aji don ko ɗaya ba. Mu 'yan kasuwa mun san harshe jari ne. Wanda ya iya "nawa ne" da "rage mini" da bakin mai kaya, ya riga ya ci rabin ciniki. Amma ban taɓa zaton a garin nan zan koyi harshen mutanen da ke can gabashin Afirka ba.

Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Gadar da ba ta barci dare da rana ta yi tsit. Manyan motoci suka yi layi a bakin titi har ido ba ya ganin ƙarshensu, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu wata da watanni. Ina da buhunan albasa a hayin kogi da na riga na biya kuɗinsu. Kafin in samu masu kwale-kwale su tsallako da su, an ninka kuɗin dako, rabin kayan kuma ya fara ruwa. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a toshe. Motocin fasinja suka koma sauke mutane a bakin ruwa, a shiga jirgi a haye, a kama wata mota a can. Ba siyasa na zo yi ba. Abin da na sani shi ne jarin da na tara shekara talatin ya riƙa narkewa kamar sukari a ruwan zafi, babban ɗana kuma ya fara maganar Agadas da Libiya a gaban uwarsa.

Mutum in ba shi da ciniki, teburin mai shayi ne ofishinsa. Akwai wani dattijo da ke kafa nasa a kusa da tasha, tun bayan asuba har hantsi, sannan daga magariba har tsakar dare. Tebur ne irin wanda kuka sani: gwangwanayen madara a jere, burodi a cikin leda, ƙwai, Lipton, da gwangwanin Nescafé wanda ake sarrafawa a Abijan. Kofi da madara dala talatin, ba madara dala ashirin. Mutumin Kamba ne, ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar, ina ce masa Yaya. Direbobi kuwa Mze suke kiransa, na daɗe ina zaton laƙabin wasa ne.

Wata rana ina ƙorafin tsadar kanumfari, ina lissafa hannun da yake bi kafin ya iso rumfata, daga mai shigo da shi ta teku, zuwa babban dila, zuwa ƙaramin dila. Dattijon yana fifita wuta, bai ɗago ba ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin bishiyarsa?" Na ce a'a. Ya ce shi ya gani, a tsibirin Pemba, an shanya shi a tabarmi a bakin hanya kamar yadda muke shanya barkono. A ranar na san cewa ya yi shekara goma sha tara a Tanzaniya. Harkar duwatsu masu daraja ce ta kai shi Arusha, kusa da Mererani inda ake haƙo shuɗin dutsen nan tanzanait da aka gano a 1967. Ya samu, ya yi aure, sannan wani ciniki guda ya kwashe komai. Ya dawo gida da jaka ɗaya, da niyyar ya farfaɗo ya koma. Bai koma ba. Mze kuma, wanda suke rubutawa mzee, dattijo ke nan da Suwahili.

Na ce masa ina so in je in gani da idona. Ya yi dariya ya ce, "Da wane baki? Faransancinka ba ya aiki a can." Na ce ya koya mini. Ya ce shi ba malamin makaranta ba ne, abin da ke kan teburinsa kawai ya sani, da shi za mu fara. Daga ranar ya kafa mini doka: ba zai ƙara zuba mini komai ba sai na nema da Suwahili.

Washegari na zauna na ce, "To Yaya, yaya ake cewa ina son kofi?" Ya ce roƙo shi ne naomba. Na yi caraf na ce, "Naomba kofi." Sai ya aje ludayi ya ɗaga tafin hannu kamar zai kwaɗa mini. Ya ce, "Ka roƙa, in ba ka?" Ashe kofi a Suwahili mari ne. Abin da muke sha kahawa ne, abin da muke sha a ciki kuma kikombe. Direbobin da ke benci suka yi ta dariya har wani ya ƙware. Har yau akwai mai ce mini Alhaji Naomba Kofi a tasha. Amma kalmar ta zauna, domin kahawa ai gahawa ce, wadda duk alhaji ya sha da dabino a Makka. Asalinta ɗaya, Larabci. Bishiyar daga ƙasar Habasha ta fito, Sufayen Yaman suka riƙa shan ta don raya dare tun ƙarni na 15, daga tashar Moka ta bazu duniya. Kafe ɗin Faransawa da kofin Ingilishi duk jikokin kalmar nan ne, sun zaga ta Turkiyya suka dawo mana a gwangwani.

Na sayi ƙaramin littafi irin na rubuta bashi, na riƙa rubutawa. Ga abin da ke shafin farko, ko Allah zai sa ya amfani wani:

Naomba kahawa moja, a ba ni gahawa ɗaya. Chai, shayi. Maji, ruwa. Maziwa, madara. Sukari, sukari ne dai, ko wasali ba a canza ba. Bila sukari, ba sukari. Sukari kidogo, sukari kaɗan. Ya moto, mai zafi. Baridi, sanyi. Tamu, mai daɗi ko mai zaƙi. Chungu, mai ɗaci. Ongeza, ƙara. Inatosha, ya isa. Tangawizi, citta. Karafuu, kanumfari. Mdalasini, kirfa. Tende, dabino. Bei gani, nawa ne. Ghali sana, ya yi tsada da yawa. Punguza kidogo, rage kaɗan. Asante, na gode. Karibu, maraba, bisimilla.

Ƙidaya daga ɗaya zuwa goma ce ta ɗan wahalar da ni: moja, mbili, tatu, nne, tano, sita, saba, nane, tisa, kumi. Amma da muka kai ashirin sai na ji kamar na shigo gida. Ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini. Ɗari mia, dubu elfu. Labari habari ne, dillali dalali, asara hasara, Alhamis Alhamisi, Juma'a Ijumaa. Mu Larabci ya iso mana ta Sahara a bayan raƙumi, su ya iso musu ta teku a jirgin ruwa, kowa ya ɗiba ya lanƙwasa daidai bakinsa. Yaya ya ce mini ko gidan rediyon BBC a shekara ɗaya ya buɗe sashen Hausa da na Suwahili, 1957.

Wata bakwai muna haka. Ban zama gwani ba, amma na iya gaisuwa, na iya neman abin sha, na iya taya kaya. Abin da na lura shi ne dattijon ya fi ni murna da karatun. In na yi kuskure ya gyara, sai ya zarce da dogon zance shi kaɗai cikin harshen, yana kallon titi. Dare ɗaya bayan kowa ya watse ya gaya mini dalili. Ya bar 'ya a can, tana shekara tara lokacin da ya taho. Yanzu ta yi aure a Darussalam, har da yara biyu. Sukan yi waya da salla, gaisuwa a taƙaice, kunya ba ta barinsa ya ja zancen. Ya ce, "Alhaji, na ce mata wata shida zan yi."

A watan Oktoban 2024 na sayar da fili ɗaya, na bar wa ɗana rumfa da makulli, na ce ya riƙe har in dawo, in ya so a yi maganar Libiya bayan nan. Na hau jirgi daga Kwatano, muka yada zango a Adis Ababa, sai Darussalam. A jakata akwai amanar Yaya: turmin atamfa biyu, kilishi, wasiƙa, da kuɗin da na san wata nawa ya yi yana tara su daga dala ashirin-ashirin.

Na sauka a Kariyako, unguwar babbar kasuwarsu. Sunan ma daga rundunar 'yan dako na sojan Ingila ya samo asali, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da asuba bayan salla na fito sai ga teburin Malanbil a gabana, sai dai an canza masa kaya. Benci a gindin bango, dattawa da hula, musun ƙwallo da siyasa. Mai gahawa yana yawo da doguwar buta da kaskon garwashi maƙale a ƙarƙashinta, da bokitin ruwa mai ƙananan kofuna marasa mariƙi. Gahawar baƙa ce wuluk, ba madara ba sukari, ana haɗa ta da kashata, wata alewar gyaɗa mai kama da tamu. Ka gutsiri alewa, ka kurɓi ɗaci. Irin wannan majalisa kijiwe suke ce mata, abin da mutanen Nijar ke kira fada.

Na yi sallama, na ce wa mafi tsufa shikamoo kamar yadda aka koya mini, ya ce marahaba. Na ce, "Naomba kahawa moja, na kashata." Aka matsa mini wuri. Da suka ji daga inda nake, wani ya ce shi zai biya, mgeni ba ya biya, wato baƙo. A bencin nan na ji cewa ƙasar da kanta tana noman gahawa, a gindin dutsen Kilimanjaro wajen Moshi, da Mbeya a kudu, da Bukoba a gaɓar tafkin Biktoriya. Ɗanyen ƙwayar buni suke ce mata. Mu da muka girma muna zaton kofi a gwangwani ake haihuwarsa, abin kallo ne.

Na kira 'yar Yaya a waya. Na haɗa 'yan kalmomina, ta fahimci ni ne baƙon da mahaifinta ya faɗa. Ta kwatanta mini wani masallaci a unguwar Magomeni, ta ce, "Kesho, saa nne." Kesho gobe ke nan, nne kuma huɗu, wannan na haddace shi sarai. Washegari na yi sallar la'asar na tafi da kayana, ƙarfe huɗu daidai ina ƙofar masallacin. Na jira har magariba. Wayarta a kashe. Na koma masauki zuciyata ba daɗi, ina cewa ƙila fushin shekaru ne ya motsa, ta fasa ganin ɗan aiken uban da ya tafi ya bar ta. Ga shi jibi zan haye Zanzibar. Na kwana ina tunanin da wane ido zan mayar wa dattijon nan da atamfarsa.

Da safe a benci na ba da labari da baki da hannu. Mai gahawa ya kama hannuna ya nuna agogona. Ya ɗora yatsa a kan huɗu, ya ja shi kai tsaye zuwa lambar da ke fuskantarta, goma. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, awa ɗaya da wayewar gari. Sha biyun rana saa sita. Saa nne kuwa ƙarfe goma na safe ne. Baiwar Allah ta zo da yaranta tun hantsi, ta tsaya har azahar, ta koma gida tana kuka, tana cewa ko ɗan aiken ma halinsu ɗaya. Yaya ya koya mini sukari da madara, ya manta da agogo. Mai gahawar ne ya karɓi wayata ya kira ta ya warware zancen, ina jin yana dariya yana cewa pole, pole, wato sannu, yi haƙuri.

Da yamma mijinta ya zo ya ɗauke ni. A ƙofa na ce hodi, sallamarsu ta shiga gida, aka ce karibu. Ta fito, na ga goshin Yaya da idanunsa sak. Ta durƙusa ta ce shikamoo, sannan ta ce, "Baba mdogo," wato ƙanin uba. Ta tambaya, "Baba hajambo?" Na ce hajambo, yana lafiya. Daga nan kalmomina suka ƙare. Hausarta kuma ba ta wuce uku ba: sannu, na gode, da zo nan, abin da ta riƙe tun tana ƙarama. Ta karanta wasiƙar a tsaye, ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito da butar gahawa ta fito, mai citta. Ta zuba, na sha, na ce tamu sana. Ta ce, "Ongeza?" Na ce ongeza. Kofi huɗu na sha a gidan nan don kada hira ta mutu, ni da likita ya hana ni wuce ɗaya. Kafin in tashi na kira Malanbil ta bidiyo, na miƙa mata wayar, na fita waje ni da mijin. Sun fi awa ɗaya suna magana.

Maganar kasuwa kuwa ba zan yi muku ƙarya ba. Na haye Zanzibar a jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu. Na ga kanumfari a kasuwar Darajani, na ji tarihin yadda Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya yaɗa nomansa a ƙarni na 19. Amma na tarar ba a zuwa gona a saya kamar albasar Galmi, kamfanin gwamnati ne ke saye daga hannun manoma, fitar da shi kuma sai da takardu da jari mai nauyi. Na kuma ƙara yin wani tuntuɓen. Ina ciniki da wani dattijo mai shago, na ce masa ni dai riba kidogo nake nema. Fuskarsa ta canza, ya ce astagfirullah. A wurinsu riba kuɗin ruwa ne, haramtacce, kamar yadda take a Larabci. Abin da muke ce wa riba su faida suke cewa. Ku riƙe wannan da kyau. Kalmar da ta yi kama da taka ta fi baƙuwa haɗari, domin ba ka tsayawa ka tambaya.

Na dawo da kaya kaɗan na gwaji, da lambobin mutum uku, da lissafin da ya nuna mini sai mun haɗa jari mu biyar ko shida kafin harkar ta biya kuɗin jirgi. Muna kan maganar. Ban mayar da kuɗin filina ba tukuna. Amma na tarar ɗana ya riƙe rumfa ba gibi, kuma da ya ga hotuna ya ji labari, sai ya karɓi ɗan littafina ya kwafe. Yanzu shi ke zama a bencin Yaya da dare. Maganar Libiya ban sake jin ta ba, ban kuma tayar ba.

Tafiyar ta sa na dubi gidana. 'Ya'yana ƙanana Dandanci suke yi a waje, Faransanci a lakwal, Hausarsu tana ɗingishi. Mu fatake mun baza iri a Kumasi, a Abijan, a Libarbil, a Jidda, wasu har Guwanzu. Kowa ya tambayi kansa, in yau aka aika wa ɗansa baƙo daga gida, kalma nawa za su iya yi da juna? Kuma wanda ya bar iyali a wata ƙasa da alkawarin wata shida, ya ɗauki waya yau, kada ya jira sai ya farfaɗo.

In hanya ta biyo da ku Malanbil, kafin ku gangara bakin ruwa ku nemi jirgi, ku tsaya kusa da tasha ku tambayi teburin Mze. Yanzu ban da Nescafé akwai wata ƙaramar buta a gefen wuta, da garin gahawar Moshi da 'yarsa ta ba ni in kawo masa. Ba ya sayar da ita, sai wanda ya ga dama yake zuba wa. Ku ce masa naomba kahawa. Ku dai kiyaye, kada ku ce kofi.

Allah ya buɗe mana hanyoyi, ya sa albarka a nema, ya sada kowa da iyalinsa lafiya.